Wane injin ruwa ya dace da sauya ruwan akwatin kifi? Na 600, na 2000 ko na 5000?

Tambayar ta fito ne daga wani malami da ke zaune a Bukoki, nan Yamai. Yana da akwatin kifin ado na gilashi a falo, tsawonsa santimita 120, faɗinsa 50, tsayinsa 50, yana bisa teburin ƙarfe mai tsayin santimita 80. Kowane mako yakan kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da bokiti ya zuba sabo, yanzu kuma bayansa ya fara yi masa ciwo. Sabon ruwan yana tara shi ne a tano mai lita 200 a tsakar gida, nisan kamar mita 10 daga akwatin. Ya je kasuwa, mai shago ya jera masa inji uku irin waɗanda ake nutsarwa cikin ruwa: ɗaya an rubuta 600 L/H a kwalinsa, wato lita 600 a awa, ɗaya 2000, ɗaya 5000. Mai shagon ya ce ya ɗauki babban ya huta. Shi ne yake tambaya, wanne zai ɗauka?

Malam, ka ɗauki na tsakiyar, mai 2000. Amma kafin ka miƙa kuɗi, juya kwalin ka nemi wata lamba da ake rubutawa ƙanana a gefe, Hmax ko H.max, wato iyakar tsayin da injin ke iya kai ruwa. In ta kai mita 2.5 ko ta ɗara, saya. Sannan ka haɗa shi da tiyo mai faɗin milimita 16 daga ciki, ko 19 in ka samu. Na 600 da ƙyar zai kai ruwa bakin akwatinka, na 5000 kuwa asarar kuɗi ne, in ma bai jiƙa maka shimfiɗar falo ba. Bari in faɗa maka inda na samo wannan, don gobe in ka sake akwati ko ka tashi daga gidan ka iya lissafin da kanka.

Mu fara da ruwan da kake ɗauka. Tsawo sau faɗi sau tsayi, a raba da 1000, shi ke ba da lita: 120 sau 50 sau 50 ya kama lita 300. Amma ba 300 ke ciki ba. Akwai rairayi, akwai duwatsu, akwai kaurin gilashi, ga kuma ɗan sararin da kake bari a sama. Ruwan gaskiya bai wuce lita 250 zuwa 260 ba, kashi ɗaya cikin huɗu nasa kuwa 65. Mu ce 75 don a bar wa lissafi wurin numfashi, wato bido uku masu lita 25 irin na ƴan ga-ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ka ga ke nan kowane mako kana fitar da kilo 75 kana shigo da wani 75, na shigowar kuma sai ka ɗaga shi har ƙirji. Dole baya ya yi ƙorafi.

Sai tambayar da mai shago bai yi maka ba: cikin minti nawa kake so lita 75 ɗin nan ta shiga? A ganina minti 6 zuwa 10 shi ne daidai. In ka ce minti 10, lita 7.5 ke nan a minti, wato 450 a awa. In ka ce minti 6, 750 a awa. To, abin da kake nema shi ne lita 450 zuwa 750 a awa da za ta fito daga bakin tiyo a saman akwatinka. Ba abin da ke rubuce a kwali ba. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce duk maganar.

Lambar nan ta kwali, 600 ko 2000 ko 5000, ba ƙarya ba ce, sai dai an auna ta ne a yanayin da ba wanda ke aiki da inji a cikinsa. Ana nutsa injin a ruwa, ba tiyo, ba tudun da zai hau, a auna abin da ya fita daga bakinsa. Shi ne Qmax. Ita kuwa Hmax, tsayin da in ruwa ya kai ya tsaya cak ne, injin na juyawa amma ko ɗigo ba ya fita. Ba a samun su biyun lokaci guda. In kana samun cikakken ruwan, ba ya hawa ko'ina. In ya hau iyakar tsayinsa, babu ruwa. Duk aikin gida tsakaninsu yake faɗawa. Kamfanonin kirki sukan buga wani ɗan zane a kwali ko a takardar ciki, layi mai gangarowa da ke nuna lita nawa ake samu a mita ɗaya, nawa a mita biyu. In akwai shi, shi za ka bi. In babu, ga lissafin da nake yi a ka: ka raba tsayin da ruwan zai hau da Hmax, abin da ya ba ka shi ne kason da ka rasa. Injin da Hmax ɗinsa mita 2 ne, in ka ce ya hau mita 1, rabin ruwansa za ka samu. In ka ce ya hau mita 1.5, kashi ɗaya cikin huɗu ya rage maka. Lissafin ba ya faɗawa daidai wa daida da kowane inji, amma ya isa ya hana mutum sayen abin da ba zai yi masa aiki ba.

Tsayin kuma daga ina ake aunawa? Nan mutane da yawa ke ruɗewa, su auna daga inda injin yake kwance a gindin tano. A'a. Daga saman ruwan da ke cikin tanon ake aunawa, zuwa wurin da tiyo ya fi tsayi, wato bakin akwatin. Naka bakin yana santimita 130 daga ƙasa, tebur 80 da akwati 50. Tano mai lita 200 tsayinsa ya kusa santimita 90. Idan cike yake, ruwan zai hau santimita 45 ne kacal. Amma yana raguwa tudun na ƙaruwa, har in ya kusa ƙarewa ya zama kusan mita 1.2. Shi ya sa za ka ga inji ya fara da ƙarfi, can sai ruwan ya riƙa zuwa a sanyaye, mutum ya ɗauka injin ne ya lalace. Lafiyarsa lau. Ka yi lissafi da ranar da tanon ya yi ƙasa, domin a bazarar Yamai ba kullum ruwan pompo ke zuwa da ƙarfin da zai cika maka shi ba. In kuma tsakar gidan ta fi falo gangare da matakala ɗaya ko biyu, ƙara tsayinsu a lissafi.

Ƙananan injuna irin na 600 galibi Hmax ɗinsu kusan mita ɗaya ne, wani ya ɗan ɗara. An yi su ne don su juya ruwa cikin akwati ko su tura shi cikin matata, wato na'urar tace ruwan akwatin. Naka ruwan zai hau har mita 1.2, ga tiyo mai mita 10 a gaba. Zai ɗan tsiyayo maka lokacin da tanon yake cike, daga nan ya tsaya. Ajiye shi.

Yanzu maganar tiyo, wadda ni a wurina ta fi ta injin nauyi, kuma ita ce ba mai kula ta. Ruwa in yana gudu cikin tiyo yana gogar bangonsa, gogar nan kuma tana cin ƙarfin inji tamkar an ƙara masa tudu. Abin da zai ba ka mamaki shi ne yadda ɗan bambancin faɗi ke sauya komai. Ɗauki tiyo mai tsawon mita 10, ka ce lita 1000 a awa za ta bi ta ciki. In faɗinsa na ciki milimita 12 ne, ƙarfin da zai ci daidai yake da hawan kusan mita 6. In 16 ne, kamar mita ɗaya da rabi. In 19 ne, bai kai mita ɗaya ba, wajen santimita 70. In 25 ne, santimita 20 kawai. Duba da kyau: daga 12 zuwa 16 milimita huɗu ne tak, amma asarar ta ragu kusan ninki huɗu. Dalili shi ne cikin siririn tiyo dole ruwan ya yi gudu sosai kafin adadin ya wuce, gogar kuma tana hauhawa fiye da yadda gudun ke hauhawa. Don haka wanda ya sayi babban inji ya ɗaura masa siririn tiyo, injin zai yi ta gurnani a tano, ruwa na zuwa kaɗan-kaɗan, shi kuma yana zagin mai shago.

In za ka sayi tiyon, kada ka yarda da lambar da aka faɗa maka da baki. Wasu da faɗin waje suke kira. Irin wanda ake sayarwa don akwatin kifi akan rubuta masa lamba biyu, 12/16 ko 16/22. Ta farko ita ce ta ciki, ita ce ruwanka. Ka tafi da injin hannunka Katako ko Babbar Kasuwa, wajen masu kayan pompo, ka gwada bakinsa da tiyon a gabansu. Injuna da yawa suna zuwa da baki biyu ko uku na roba da ake sauyawa, ka ɗaura mafi faɗin. Ka zaɓi tiyo mai ɗan kauri wanda ba ya lanƙwashewa ya toshe in ya zagaya ƙofa, domin lanƙwasa ɗaya ta fi mita biyar na miƙaƙƙen tiyo cin ruwa. Ragowar tsawon da ba ka buƙata kuma yanke shi, kada ka naɗe shi a ƙasa ruwa na zagayawa.

To mu jera injin 2000 a kan gidanka. Mu ce Hmax ɗinsa mita 2.5 ne, tiyo 16, tsawo mita 10. Tano cike: tudu santimita 45, gogar tiyo kamar mita ɗaya, za ka samu wajen lita 800 a awa. Tano ya kusa ƙarewa: tudu mita 1.2, gogar ta ragu zuwa kamar santimita 60 tunda ruwan ya rage gudu, za ka samu tsakanin 550 da 600. Lita 75 ɗinka za ta shiga cikin minti 6 zuwa 8. Abin da muke nema ke nan tun farko. Ka ga injin da aka rubuta wa 2000 ya dawo kashi ɗaya cikin uku, ba don yana da aibu ba.

Na 5000 fa? Mu ce nasa Hmax ya kai mita 4.5. In ka sa masa tiyon nan na 16, abin da zai fito bai wuce lita 1300 a awa ba, sauran ƙarfin duk tiyo ya cinye. Ka biya kuɗin 5000 ka karɓi 1300. In kuma ka ba shi tiyo mai 25 da ya dace da shi, zai turo maka sama da 2500, nan kuma wata matsalar ta taso. Fuskar akwatinka santimita 120 sau 50 ce, wato kowane santimita ɗaya na tsayi lita 6 ne. Sararin santimita 3 da kake bari a sama lita 18 ke nan. Da injin tsakiya kana da kusan minti biyu daga lokacin da ruwa ya kai layi zuwa lokacin da zai malalo. Da babban ko rabin minti ba ka da shi, kai kuma kana falo, wurin kashe shi yana tsakar gida. A yi maka sallama a ƙofa, ko waya ta yi ƙara, shi ke nan. Ban da haka, ruwa mai wannan ƙarfi yana haƙe rairayi, ya tumɓuke tsirrai, ya tayar da dattin da ke kwance, ƙananan kifaye irin su gofi su yi ta karo da gilashi.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan, wanda ya shafi lafiyar kifin kai tsaye. Sabon ruwa bai taɓa zama daidai da tsoho ba, ko a zafi ko a sinadaran da ke cikinsa. In ya shiga a hankali, sai su gauraya, kifi ya bi sauyin ba tare da ya jigata ba. A garin nan ba ƙaramar magana ba ce. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 da rana, tanon da ya wuni a rana ruwansa sai ka ji kamar na wanka. Yawancin kifayen ado na ƙasashe masu zafi sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28. Ruwan zafi kuma iskar shaƙa ba ta zama cikinsa da yawa: a digiri 25 lita ɗaya tana riƙe miligiram 8 da ɗan wani abu, a digiri 35 ta sauko wajen 7. A Disamba da Janairu abin juyawa yake, tanon da ya kwana a waje cikin hunturu da asuba ya fi akwatin falo sanyi nesa ba kusa ba. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi, ka tsoma a tano, ka tsoma a akwati. In bambancin bai wuce digiri 2 ba, bisimilla. In ya wuce, jira. Lokacin zafi da sassafe ake sauya ruwa, lokacin ɗari da la'asar. Tanon kuma a inuwa, a rufe.

Wataƙila ka ji ana cewa inji ya juya ruwan akwati sau huɗu ko sau biyar a awa. Wannan ƙa'idar matata ce, wadda ke aiki dare da rana. Ba ta da alaƙa da injin da za ka kunna minti goma a mako. Masu shago kan haɗa su, shi ya sa suke tura mutum ga babba.

Duk maganar nan a kan zuba ruwa muke. Wajen kwashewa, shawarata kada ka sa inji sam. Akwatinka yana sama, magudanar tsakar gida tana ƙasa, ruwa kuwa da kansa yake gangarawa. Ka tsoma bakin tiyo a akwati, ka cika shi da ruwa, ka sauke ɗaya bakin ƙasa, kamar yadda ake zuƙo mai daga tankin mota. Ba sai ka tsotsa da baki ba: nutsa tiyon ya cika, toshe bakin da babban yatsa, kai shi waje ka saki. Da tiyon nan na 16 mai mita 10, da gangaren sama da mita ɗaya, za ka samu lita 700 zuwa 800 a awa, daidai da abin da injin ke ba ka, ba wuta ba kuɗi. Ya ma fi injin amfani, domin dattin da kake son fitarwa, kashin kifi da ragowar abinci, a cikin rairayi yake kwance. Ka yanke gindin gorar ruwa ta roba, ka ɗaura bakinta a tiyon, ka riƙa cusa ta cikin rairayin wuri-wuri. Za ka ga rairayi ya tashi yana juyawa cikin gorar ya koma ƙasa, baƙin datti kuma ya wuce sama ya bi tiyo. Inji ba ya wannan. In ka sa shi a gindin akwati, tsakuwa za ta shiga ta ci farfelarsa, ɗan kifi ma ya bi. Ka manna ɗan salatif a jikin gilashi santimita 12 da rabi ƙasa da layin ruwa, nan ne lita 75 take, ba sai ka ƙirga bokiti ba. Ruwan da ya fito kuma kai shi gindin shuka, taki ne.

Kafin ruwa ya fara sauka, kashe na'urar tace ruwa, da na'urar ɗumama ruwa in kana da ita. Irin ta gilashin nan in ruwa ya bar ta tana kunne, fashewa take.

Ga abu guda da nake roƙonka ka riƙe, domin shi ya fi yi wa masu kifi ɓarna a garin da ake ɗauke wuta ba sallama. Wannan zuƙowar da ta taimake ka wajen kwashewa, ita za ta cuce ka wajen zubawa. In bakin tiyon yana nutse cikin ruwan akwati, aka ɗauke wuta ko ka kashe injin, tiyon cike yake da ruwa, akwati yana sama, tano yana ƙasa. Nan take ruwa zai juya ya koma tano, ya bi ta cikin injin ya fita, ba abin da zai tare shi. Zai yi ta tafiya har sai ruwan akwatin ya sauka daidai bakin tiyon. In ka cusa shi har gindi, kifi a rairayi za ka tarar da su. Maganin ba ya cin ko dala: bakin tiyo ya tsaya a saman layin ruwa, kada ya nutse. Ka haɗa gwiwa biyu na bututun roba irin na masu gyaran pompo su zama ƙugiya, ka rataya a bakin gilashin, ƙafarta ta ciki gajera. Ƙugiyar nan kuma ita za ta hana tiyo tsalle ya faɗo ƙasa in injin ya taso. A ƙarƙashin inda ruwan ke zuba ka ajiye faranti ko faffaɗan dutse, ko ka karkata bakin ya bugi gilashi, don kada ya haƙa rami.

A jikin ƙugiyar ka sa ɗan robine. Da shi za ka rage ruwa in ya yi yawa, ka rufe in akwati ya cika, sannan ka taka a hankali ka je ka cire wuta. Irin wannan inji ba ya damuwa in an rage masa ruwa ta wajen fita, ko an rufe shi na ɗan lokaci kaɗan. Abin da ba ya so shi ne a shaƙe shi ta inda yake sha, ko a bar shi yana juyawa ba ruwa. Ruwan da yake ciki shi ke sanyaya shi, shi ke sa sandar farfelar ta yi santsi. Tano ya ƙafe yana kunne, mintoci kaɗan sun isa ya ƙone. In ka ji ƙararsa ta sauya, ya fara kurɓar iska, kashe. Wannan robinen shi ya sa nake cewa in za a yi kuskure gara inji ya ɗan fi buƙata kaɗan, domin ana iya rage mai yawa, ba a iya ƙara wa maras ƙarfi. Kaɗan na ce.

Sai ka lura da rubutun kwali, musamman a kayan da aka shigo da su na hannu. Wutarmu volt 220 ce, 50 Hz. Injin da aka yi don Amurka na volt 110 zuwa 120 ne, 60 Hz. Ka sa shi kai tsaye ya ƙone, in ma ka sa masa na'urar rage wuta, juyawarsa za ta ragu da kashi ɗaya cikin shida, tsayin da yake kaiwa kuma ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Irinsu da GPH suke rubutu, galan a awa, galan ɗin Amurka kuwa lita 3.785 ne, don haka 500 GPH ya kusa lita 1900. Tsayinsu da ƙafa suke aunawa, ƙafa ɗaya santimita 30 da ɗan ɗori. In ka ga L/min, ninka sau 60. In ka ga m³/h, kowane ɗaya lita 1000 ne. Ka duba wat ma. Injin 2000 na gaskiya yakan ci wajen wat 30 zuwa 45. In kwali ya ce 2000 da mita 3 amma wat 10, ajiye masa abinsa. Kuɗin wuta kuwa kada ya dame ka: wat 40 na minti 10 a mako, shekara guda cur ba ta kai rabin kilowat-awa ba.

Kada wani ya ba ka shawarar injin nan na rabin doki da ake ja da ruwa zuwa tankin saman gida. Wat 370 ne, an yi shi don ya hau mita talatin, jikinsa ƙarfe ne mai tsatsa, farfelarsa sau da yawa ta tagulla ce, jan ƙarfen da ke cikinta kuma guba ne ga jatan lande da dodon koɗi in kana ajiye su. Haka manyan injunan kwashe ruwan rami, wasunsu akwai mai a cikinsu. Naka ya zama na roba, wanda aka yi don akwatin kifi ko ɗan tafkin ado. In kuma ɗauke wuta ya dame ka kana da batirin sola, akwai masu volt 12 da ke aiki kai tsaye da batir, lissafinsu duk ɗaya ne, Qmax da Hmax. Sun ma fi a haɗa na 220 da ƙaramar inbata mai araha, domin irin wutar da take bayarwa takan sa injin kakkarwa da zafi.

Wuta da ruwa kuwa, ba sai na tsawaita ba. Cire shi daga wuta kafin ka sa hannu a tano. Mahaɗar waya ta kasance a rataye, ba a ƙasan tsakar gida inda ruwa ke bi ba. Wayar da ta ɗan tsage kada ka naɗe ta da salatif ka nutsa.

Inji zai rage maka wahala, amma akwai jarabar da ke zuwa tare da shi: mutum ya ce tunda abin ya yi sauƙi, bari in jona tiyo a pompo kai tsaye. Kada ka yi. Ruwan pompon Yamai daga kogin Kwara ake jan sa, a tace shi a Gudel da Yantala, a sa masa kulorin don lafiyar masu sha. Kulorin ɗin nan yana ƙona sassan da kifi ke numfashi da su, yana kuma kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune cikin matata suna narkar da gubar kashin kifi. Tanonka shi ne kariyarka. Bar ruwan ya kwana, awa 24, zai fi kyau in akwai ɗan dutsen iska a ciki, ko ka kunna injin nan ba tiyo ya juya shi na ɗan lokaci. Mafi tabbas shi ne ka ɗiga maganin kashe kulorin da masu kayan kifi ke sayarwa, a tanon, gwargwadon litar da ke ciki, kafin ka tura. Tanon kuma ya zama wanda ka san abin da ya taɓa ɗauka. Wanda ya ɗauki man inji ko maganin ƙwari ba ya wankuwa. In ka ɗora injin a kan ɗan bulo a ciki, ba zai kwaso lakar da ta kwanta a gindi ba.

Ranar da ka kawo shi gida, gani ya kori ji. Haɗa komai yadda zai zauna, da tiyonsa duka, ka ɗora bido mai lita 25 a kan kujera yadda bakin tiyo zai kai tsayin bakin akwatin, ka duba agogo. In ya cika cikin minti biyu, kana samun 750 a awa. Minti biyu da rabi, 600. Minti uku da daƙiƙa 20, 450, har yanzu ba laifi. In ya haura minti biyar, kada ka yi saurin komawa kasuwa neman babba: duba lanƙwasa, duba bakin da ka ɗaura, gwada tiyo mai faɗi, ka kuma ɗora tanon a kan bulo biyu, tunda kowane santimita da ka ɗaga shi ragi ne ga injin. Ka yi magana da mai shagon tun farko cewa in bai hau ba za ka dawo da shi a sauya.

Wanda akwatinsa bai wuce lita 60 ba, bokiti ɗaya ya ishe shi, ba ruwansa da inji. Mai kiwon tarwaɗa ko karfasa a tanki mai lita 1000 kuwa lissafin nan dai zai bi da manyan lambobi: lita 500 cikin minti 15 na nufin 2000 a awa a bakin tiyo, a nan ne injin 5000 da tiyo mai 25 ke da gurbi.

In ka gama kowane mako, ɗaga tiyon ruwan ciki ya tsiyaye, ka rataye shi a inuwa, domin ruwan da ya kwana mako a ciki yana wari, rana kuma tana busar da roba ta tsage. Bayan wata biyu ko uku ka ɓalle murfin gaban injin, ka zaro farfelar, da maganaɗisu take riƙe, ja kawai za ka yi. Wanke ta da tsohon buroshin haƙori, ka cire gashi ko zaren da ya naɗe a sandar. Sandar nan a injuna da yawa ta farar tangaran ce, tana karyewa in ta faɗi a siminti, don haka a kan tsumma za ka kwance shi.